Albashin Wanda Ba Inda Za Shi

Har yau ban iya mantawa da ranar da na zauna tsakanin Baba Ɗanjuma da wata mata daga Duwala ina yi musu tafinta ba. Na haura shekara ashirin a sashen kula da ma'aikata. Na rubuta takardun kora da hannuna, na je gidajen direbobi na gaya wa matansu mota ta faɗi a gangaren Ngaundare, na yi kuka na wuce. Wannan ranar kuwa ta ƙi wucewa. Ku da kuka shigo ofishin nan kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake ɓata rai duk lokacin da littafin hasashen albashi ya iso daga Duwala. To ga dalilin, sai ku bar ni in huta.

Bari in fara da kamfanin, saboda wanda bai san mu ba. Sufurin kaya muke yi. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Ngaundare, daga nan manyan motocinmu suke ɗaukar siminti da shinkafa da taki su kawo Garwa, su wuce Maruwa, wasu har Kusiri a bakin iyakar Cadi. Marigayi Alhaji ne ya kafa shi. Kakanninsa fatake ne daga ƙasar Kano, kamar kakannin yawancinmu a unguwar Hausawa, kuma da mota ɗaya ya fara. Shi bai san wani abu wai shi ma'aikaci ba, yara yake da su. Yaron Alhaji ba ya tambayar nawa za a biya shi. Alhaji ne zai yi masa aure, ya yanka ragon suna, ya biya asibiti, in ya ga yaro ya kawo ƙarfi ya sallame shi da jari ko tsohuwar mota ya je ya ci gashin kansa. Bayan rasuwarsa 'ya'yan suka sayar da kaso mafi girma ga wasu masu kuɗi a Duwala, aka bar ɗansa Nasiru a kujerar direktan reshen Garwa. Kujerar tana da kyau, amma ko tayar mota ba ya saya sai Duwala ta ce to.

A ƙa'ida kowane ma'aikaci yana da ajinsa, wanda muke kira kategori, kuma a cikin ajin akwai matakai da yake hawa in ya daɗe. Ƙarin da hawa mataki yake kawowa bai taka kara ya karya ba, kafin ya shiga aljihu tsadar shinkafa ta riga ta cinye shi. Ƙarin gaske shi ne wanda kamfani ya ware da kansa. Zamanin Alhaji ido ne yake dubawa. Sababbin masu gida kuwa sai suka ɗauko masana waɗanda sana'arsu ke nan: su zaga bankuna da kamfanonin waya da na mai da ƙungiyoyin agaji, su tambayi kowa nawa yake biya bana, nawa yake shirin ƙarawa baɗi, su haɗa su yi littafi su sayar mana da tsada.

Wajen ƙarshen shekarar da ta gabaci ranar da nake ba ku labari aka kira mu masu kula da ma'aikata na rassa zuwa Duwala, aka zaunar da mu a ɗakin taron wani otal mai sanyi har sai da na ƙudundune cikin mayafina. Aka haska mana hasashen a bango, sana'a-sana'a, wadda za ta fi ƙara wa mutanenta tana sama. Bankuna da kamfanonin waya suna can ƙololuwa. Masu mai suna biye da su. Ƙungiyoyin agaji ma suna sama-sama, musamman masu aiki a Arewa Mai Nisa. Na fara neman sufuri daga sama, ina saukowa ina saukowa, sai da na leƙa ta gefen kan mutumin da ke gabana kafin na gan mu, can ƙasa, mu da masu gadi da ma'aikatan otal. Na ce a raina, to, aƙalla waɗanda suke kawo mana shayi 'yan'uwanmu ne.

Wannan bai dame ni sosai ba, don ban taɓa tsammanin mu yi gogayya da banki ba. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Wadda take bayanin, Madam Estel, ta ce ɗan abin da aka ware mana ba za a raba wa kowa ba. A faɗinta haka ake yi yanzu a ko'ina: ƙari yana zuwa ne ga wanda ake rububinsa a waje. Za a gana da kowane ma'aikaci, a ji ko wani yana nemansa, kuma ko zai tafi in an ba shi fiye da namu. Wanda ya nuna zai tafi, a ƙara masa don a riƙe shi. Wanda yake wasu-wasi, a ɗan taɓa masa. Wanda ya zauna daram, a bar shi inda yake, tunda ba sai an kashe kuɗi a kansa ba. Kuma abin da aka yanke zai tsaya shekara uku ba a taɓa shi ba.

Mutanen Duwala da Yawunde suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa fuskar mutum ɗaya ce ta faɗo mini.

Baba Ɗanjuma shi ne shugaban garejinmu a lokacin. Tun yana saurayi ya shiga gidan Alhaji yana wanke ƙarafa, har ya kai duk motar da za ta hau hanya sai ya ce ta hau. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙi ba. Yana da baki, yana da taurin kai, in ya tsani mutum sai ya shekara yana kiransa "wannan". Amma abokin mahaifina ne, a gabansa na girma, kuma har na yi jika bai daina ce mini yarinya ba.

Saura masa shekara uku ya cika sittin ya yi ritaya. Ga wanda bai sani ba, shekarun aiki suna da nasu lissafin a fansho, amma tushen abin shi ne albashinka na shekara ukun ƙarshe. Shi ake dubawa a fitar da matsakaici, a riƙa ba ka wani kaso daga ciki. Wato shekara ukun nan da Duwala za ta kulle, su ne daidai shekarun da za a auna Baba da su. In aka ƙara masa a wannan karon, ƙarin zai bi shi har ƙarshen ransa. In ba a ƙara ba, rashin ne zai bi shi. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana fama da ciwon suga, ga marayun ƙanensa a hannunsa, kuma duk tsawon shekarun nan bai ajiye komai ba, don a saninsa ajiya aikin maigida ne.

Abin haushin shi ne, in gaskiya za a bi, babu wanda ake nema a waje kamar shi a reshenmu. Tun da rikici ya ɓarke wajen Mora fararen motocin ƙungiyoyin agaji suka cika Maruwa, suna neman wanda zai riƙe musu gareji ido rufe. Wata ƙungiya ta aiko mutum takanas har Garwa da tayin albashin da ya ninka nasa. Baba ya shimfiɗa wa mutumin tabarma, ya sa aka dafa masa shayi, ya raka shi bakin titi ya tare masa ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya biya kuɗin. Gareji kaf an san wannan. Don haka ba ƙarya nake so ya yi ba. So nake kawai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faru.

Ina dawowa daga Duwala na tara mutanen gareji a gindin dalbejiyar da suke cin abinci. Na yi bayani da Hausa, na maimaita da Fulatanci, na ƙara da Faransanci saboda 'yan Kudun da ke cikinsu. Na ce Madam Estel ce za ta zo ganawar, in ta tambaye ku ko za ku tafi, kada ku yi mata kara, ku ce za ku duba. Samarin suka gane nan take. Wani direba mai suna Buba, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce shi ko buhun masara aka ɗora masa a kan albashinsa, "mi dilli", wato ya tafi, ba sai an tambaye shi ba. Dattawan kuwa suka dubi juna suna murmushi, irin murmushin da ake yi wa yaro in ya zo da labarin da kowa ya riga ya ji.

Baba ya gama tauna goronsa tukuna. Sannan ya ce ai wannan tsohon zance ne, sun san shi tun kafin a haife ni. Marigayi Alhaji in yana so ya san wanda zai ba amanar mota ko jari, ba ya tambayar yaro kai tsaye. Sai ya haɗa baki da wani attajiri abokinsa, shi kuma ya tare yaron a kasuwa ya tambaye shi nawa Alhaji yake ba shi, ya ce ya dawo wurinsa ya ninka masa. Wanda ya ce bari ya yi shawara, kafin sati ya zagayo an sallame shi hannu rabbana. Wanda ya ce Allah ya kiyaye, shi ake kira ɗaki a danƙa masa makulli. Baba ya jero mini sunayen waɗanda suka faɗi wannan gwajin da inda kowannensu ya ƙare. Shi kansa an gwada shi, ya ci. Ko mutumin Maruwa ma, bai yarda ba turo shi aka yi ba.

"Yanzu 'ya'yan nasa sun yi boko, sai suka ɗauko mace daga Duwala ta yi musu," in ji shi. "Gwajin dai shi ne. Ke yarinya ce, Zainabu, ba ki san gidan nan ba."

Na ce Baba, Alhaji ya rasu, gidan kuma an sayar. Ya ce motoci aka sayar, ba a sayar da Nasiru ba, kuma shi ya riƙa kai Nasiru makaranta a kan keke.

Ranar Juma'a bayan la'asar na bi shi gida, na durƙusa kamar yadda na saba tun ina ƙarama. Na ajiye maganar ofis na yi masa maganar gida: maganin Inna, makarantar marayu, yadda buhun shinkafa yake tashi. Na nuna masa yadda fanshonsa zai kasance in an ƙara, da yadda zai kasance in ba a ƙara ba. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba ya yi wa kowa. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Malam, ka ji maganar yarinyar nan." Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na fara sa rai. Sai ya ce ko da ina da gaskiya, ko da ba gwaji ba ne, ta yaya zai zauna gaban baƙuwa ya ce shi mai barin gidan Alhaji ne saboda kuɗi? Mutumin da ya yi masa aure, ya tsaya a kan jana'izar mahaifiyarsa? In ya faɗi haka ya fito, da wane ido zai dubi yaran gareji? A nan na gane ba rashin fahimta kaɗai nake yaƙi da shi ba.

Madam Estel ta iso a tsakiyar zafin Maris, lokacin da ko kujerar ofis ba ta zaunuwa a Garwa. Ina so ku riƙe wannan, matar ba muguwa ba ce. Ta gaishe da kowa, ta koyi cewa "useko", wato na gode da Fulatanci, tana ta faɗa har inda bai dace ba. Aka ba ta ɗakin taro, ni kuma aka ce in zauna in yi tafinta ga waɗanda Faransancinsu bai wuce na gareji ba.

Baba ya shigo da babbar riga. Shekara da shekaru ban gan shi a wurin aiki cikin kayan da babu baƙin mai ba. Ya sa hula, ya fesa turare, ya zauna a miƙe kamar wanda ya zo ɗaurin aure. Ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa. Ta tambaye shi ko albashinsa yana isarsa, ya ce alhamdu lillahi. Na fassara, na ƙara mata da cewa a wurinmu mutum yana faɗin haka ko da bai karya kumallo ba. Ta gyaɗa kai. Sannan ta zo kan tambayar: in wani kamfani ya ba shi fiye da abin da yake samu a nan, zai tafi?

Na juya masa da Hausa, a hankali, ina kallon idonsa. Ya ce, "Gaya mata a gidan nan za a ɗauki gawata."

Ban yi saurin fassarawa ba. Ina laluben yadda zan fara mata da cewa yana son wurin amma rayuwa ta yi masa tsada, wanda kuma gaskiya ne. Baba ya san ni sarai. Bai jira ni ba, ya dubi matar ya faɗa mata da kansa: "Jame, madam. Jame." Wato har abada.

Madam Estel ta ajiye biro. Ta ce mini ƙasa-ƙasa ta ga shekarunsa, ta san abin da amsar nan za ta jawo masa. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa nemansa a waje, ko da baki ne, in dai ya tabbatar ya ishe ta. Na ce akwai, na ba ta labarin mutumin Maruwa. Ta ce dole ta ji daga bakinsa, haka ƙa'idar take. Na juya na ce, "Baba, don Allah, don darajar mahaifina, ka gaya mata mutumin Maruwa ya zo."

Ya yi murmushi. Na ga a fuskarsa ya ƙara tabbata gwaji ne, tunda ga shi har an kai ga roƙo. Ya ce, "Baƙo ne ya zo, ya sha shayi, ya tafi."

Ta sake juya tambayar ta wata fuska: to ba don kansa ba, don iyalinsa fa? Ya ce iyalinsa ma na gidan ne. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauki biron ta rubuta abin da ya ce, don ba ta da wani abin rubutawa. Baba ya tashi ya yi mata godiya, ya fita yana gyara riga. Ta taga na hango dattawan gareji sun taso suna ba shi hannu. Duk wanda ya shigo bayansa daga cikinsu, amsar Baba ya maimaita.

Washegari na shiga wurin Direkta Nasiru. Makarantar allo ɗaya muka yi, don haka in mu biyu ne ba na ce masa direkta. Na zayyana masa komai. Na ce kai kaɗai za ka iya, ko ka kira Baba ka gaya masa da bakinka ba gwaji ba ne, ko ka rubuta wa Duwala ka ce ana neman ƙwace mana shi. Da ya ji zancen gwajin dariya ya fara yi, har ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya tuna ana yin haka. Da ya ga ban yi dariya ba ya gyara zama. Ya ce in ya kira Baba ya ce masa ya faɗi zai tafi, Baba zai ɗauka korarsa yake yi a fakaice. Wannan gaskiya ne. Ya ce in kuma ya rubuta wa Duwala, za su tambaye shi ko da gaske mutumin zai tafi, shi kuwa ba zai sa hannu a kan abin da ya san ba haka ba ne, don tasa kujerar ma rawa take yi.

"Zainabu, ke ma kin sani," ya ce. "Baba namu ne. Ba inda za shi."

Da ƙauna ya faɗa, har cikin ransa. Na ce masa ai abin da matar ta rubuta ke nan. Ya yi alkawarin zai duba abin da zai iya yi daga aljihunsa lokacin ritaya. Na fita ban rufe masa ƙofa ba.

Kafin damina ta sauka sakamakon ya zo. Buba da samarin da suka ce za su tafi suka samu ƙari. Haka yaran kwamfuta na ofis, waɗanda bankuna suke zawarcinsu. Dattawan gareji kuwa ba ko ɗaya. A bayanin da ya biyo baya har yaba wa reshen Garwa aka yi, wai ma'aikatansa suna da natsuwa da riƙon wuri, saboda haka ana iya karkatar da wani ɓangare na kason Arewa zuwa Duwala inda mutane suke ta ficewa.

Na zaci Baba zai zo ya yi mini faɗa, ko ya je ya buga wa Nasiru tebur. Da ya yi haka da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ce wa mutanen gareji ya yi su kwantar da hankali, haka marigayi yake yi, wanda ya ci gwaji ba a ba shi a hannu, ajiye masa ake yi sai ranar sallama. Wasu suka yarda. Wasu suka daina zama kusa da shi a gindin dalbejiya. Buba kuwa ya karɓi ƙarinsa, bai daɗe ba ya koma wata ƙungiyar agaji a Maruwa. Ban ga laifinsa ba.

Shekara ukun suka wuce a kan idona. Kuɗin mai ya tashi, komai ya bi shi. Baba ya sayar da babur ɗinsa ya koma zuwa aiki a ƙafa, wai likita ne ya ce ya riƙa tafiya. Kowace shekara littafin hasashe yana zuwa, bankuna suna sama, mu muna ƙasa, ni kuma in jefa shi a durowa. Ranar ritayarsa aka kafa rumfa a harabar kamfani, aka maƙala masa lambar yabo ta aiki a ƙirji, aka ba shi haƙƙinsa na doka a ambulan, Nasiru ya ƙara da rago da shadda daga aljihunsa. Aka yi addu'a, aka watse. Baba bai tashi ba. Ya zauna a ƙarƙashin rumfar har masu ita suka zo kwancewa, yana jira a kira shi. Ni na je na ce masa Direkta ya riga ya tafi.

Bayan 'yan watanni fanshon ya fara fitowa. Ni na cika masa takardun, don haka na san abin da ke ciki tun kafin ya gani. In aka cire maganin Inna, sauran ba ya kai gidan tsakiyar wata. Wata safiya sai ga shi a ofishina, ya rame, tare da ɗansa Sabi'u, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya koyi gyaran mota a hannunsa yana ɗan buga-buga a bakin kasuwa. Baba bai yi zancen fansho ba, ni ma ban yi ba. Ya ce gida yana buƙatar albashi, ko akwai gurbi a gareji. Sannan ya dafa kafaɗar ɗan, ya yi masa shaidar da yake ganin babu wadda ta fi ta.

"Na hore shi, Zainabu. Ba zai taɓa buɗe baki ya ce a ƙara masa ba."

Na kai takardar wurin Nasiru, ya sa hannu bai ko karanta ba. Duwala, wadda ta saba riƙe irin wannan takardar har mu manta da ita, ta amince nan da nan. A matakin ƙasa aka ɗauke shi.

Da aka koya mini aikin nan an ce mini albashi ladan aiki ne. Ba haka ba ne, aƙalla ba a wannan zamanin ba. Albashi kuɗi ne da ake biyanka don kada ka tafi, kuma duk wanda aka tabbata ba zai tafi ba, to an gama biyansa. Littafin nan na Duwala ba ƙarya yake yi ba, ba kuma mugunta ce ta rubuta shi ba. An rubuta shi ne don mutanen da suke iya cewa a biya su ko su tafi ba tare da sun ji kamar sun zagi iyayensu ba. Mu kuwa an raine mu a kan cewa wannan maganar butulci ce. Riƙon amanar da iyayenmu suka ɗauka shi ne jarinsu, yanzu shi ne rangwamen da kamfani yake samu a kanmu. Ban san yadda ake gyara wannan ba, kuma na daina zaton zan sani. Ni dai aikina duk bayan shekara uku shi ne in tara 'ya'yan mutane a gindin bishiya in koya musu yi wa wurin cin abincinsu barazana. Wanda ya koya da kyau kuma ba ya daɗewa yake tafiya da gaske.

Wata mai zuwa za a sake yin ganawar, wata matar ce daban za ta zo daga Duwala, kuma wannan ne karon farko da Sabi'u zai shiga ɗakin. Yana jin Faransanci, ba ya buƙatar tafinta, don haka ba zan kasance a wurin ba. Jiya na kira shi ofis, na rufe ƙofa, na yi masa bayani tun daga farko, har da abin da ya sami mahaifinsa, ban ɓoye masa komai ba. Ya saurare ni kansa a sunkuye. Da na gama ya ce ya gane, kuma ya san ina da gaskiya.

"Amma Yaya," ya ce, "Baba yana raye. In na faɗi haka, zai ji."